Darar da Sirajo Ya Aiko

Tun asuba ruwa yake zuba a unguwar New Bell, irin na watan Agusta wanda ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta sauka har kwatoci su cika su maido wa mutane sharar da suka zuba musu. Jannatu ta jawo kujerar mahaifinta daga bakin baranda saboda feshi, ta gyara masa bargo a kan ƙafar da ba ta motsi, sannan ta zauna a tabarma da kwamfuta a cinyarta.

Da safen nan yayanta Sirajo ya turo mata saƙon murya. A madafa ta saurara, ta rage ƙara.

"Jannatu, na haɗa wa Baba wasan dara na kwamfuta. Ni na yi shi da kaina. Da yatsa ɗaya ma ana bugawa. Ga inda za ki sauke shi. Kada ki gaya masa sai kin ga ya buɗe."

Daga nan sai ƙarar babura kawai ake ji a bayansa, kamar zai ƙara wani abu. Sai saƙon ya ƙare.

Baba, wato Malam Abdurrahim, ya tsufa a cinikin goro a kasuwar Marché Central. Bayan goro babu abin da yake so kamar dara. Kullum bayan la'asar shi da amininsa Ɗantani suna gindin mangwaron bayan masallaci, da farantin yashi a tsakaninsu, ɗaya da guntayen kara, ɗaya da ƙwallayen dabino. Bara ciwo ya shanye masa ɓarin hagu. Ba ya iya zama a ƙasa, hannun daman ma rawa yake yi, in ya ɗauki kara sai ya faɗa ramin da ba shi ya nufa ba. Sau ɗaya aka gwada a riƙa saka masa. Ya ture farantin ya ce ya gaji, bai sake tambaya ba.

Wasan ya gama sauka. Jannatu ta yi bismilla a zuci ta danna.

Kwamfutar ta yi wata ƙara mai kaifi, wani jan akwati ya fito a tsakiyar gilashin da manyan haruffa na Faransanci. Manhajar da ke tsaron kwamfutar ce take cewa ta kama abu mai cutarwa.

"Mene ne wannan?" in ji Baba. Tun ciwon, maganarsa a hankali take fita, ta gefe ɗaya na baki.

"Ba komai, Baba."

Ta rufe murfin. Ta san jan akwatin nan. Duk gidan sun san shi.

Shekarun baya, 'yan watanni bayan rasuwar Inna, Sirajo yana saurayi a lokacin, ya sauke wani wasan ƙwallo daga shafin da ake raba wasannin sata kyauta. Jan akwati ya fito. Abokansa suka ce kowa kashe shi yake yi, shi ma ya kashe. Kafin gari ya waye duk abin da ke cikin kwamfutar gidan ya kulle. Hotunan Inna a Makka, hotunanta a bikin dangi, bidiyon da take dariya tana rufe baki da mayafi, babu wanda aka ceto. Baba bai doke shi ba, bai zage shi ba. Kallonsa kawai ya yi, ya ɗauki buta ya fita. Ba a daɗe ba Sirajo ya sami aikin gyaran kwamfuta ya koma unguwar Logbaba da zama. Yana zuwa da Sallah, ya zo ranar da aka kai Baba asibiti, amma daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya juya.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne Sirajo ɗan fari ne. Tun yana jariri Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zaunar da shi kusa ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Da "wancan" yake ce masa, yanzu kuma "mutumin Logbaba". Shi ya sa babu wanda ya san inda kunya ta tsaya, inda fushi ya fara. Sirajo ya ɗauka duk fushi ne.

Jannatu ce ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi na Ngaoundéré ta waya, har ta tattaro 'yan hotunan Inna da ba su cika tafin hannu ba. A wurin maƙwabciyarsu Rakiyatu ta sami abin da ya fi su duka, muryar Inna da aka ɗauka ba da saninta ba. Duk suna cikin kwamfutar da ke cinyarta. Kullum tana cewa gobe za ta kwafe su a wani wuri.

Ta tashi ta shiga madafa, ta tsaya bayan duron ruwa ta kira Sirajo a waya.

"Yaya, ta yi ja."

"Me ta rubuta?"

"Menace détectée. Ta ce ta kulle shi a quarantaine."

Ta ji ya ja numfashi. "A tawa bai yi haka ba. Faux positif ne, Jannatu. Wato kuskure ta yi. Sabon abu ne, ba ta taɓa ganinsa ba, ba kamfani ya yi shi ba, sai ta tsorata."

Jannatu ba mai yawan magana ba ce, balle ga yayanta. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Yaya, wancan karon ma ja ta yi."

Ruwa yana dukan kwano.

"Haka ne," ya ce. "Baba ya gani?"

"A'a."

"To ki goge shi. Ba sai ya san na aiko da komai ba."

"Yaya, wata nawa ka yi kana..."

"Ki goge kawai, ƙanwata. Ça va, ba komai. Na gode."

Ba ta goge ba, ba ta kuma buɗe ba. Ta ajiye kwamfutar a kan akwatin kaya, ta dafa abincin rana, ta ba Baba a baki inda cokali ya gagare shi, ta kai masa ruwan alwala. Hannunta yana aiki, hankalinta yana kan akwatin. In ta buɗe kuma abin ya zama cuta da gaske, muryar Inna ta tafi, kuma Sirajo ba zai sake iya taka ƙofar gidan nan ba. In ta goge, ta san yayanta. Ba zai sake aiko da komai ba har abada.

Bayan azahar aka yi sallama da ƙarfi, Baba Ɗantani ya shigo da lema mai karyayyen haƙarƙari, ya naɗe wando har gwiwa. Tsohon direban babbar mota ne, muryarsa har yanzu ta mai magana a kan ƙarar inji ce.

"Mai goro, har yau kana ɓoye a gida don kada in cinye ka?"

"Kai da ke satar kara in na juya in tofar da yawu," in ji Baba.

"Sharri. Allah yana gani." Ya zauna a benci yana matse hula, ya juya wajen Jannatu. "'Yata, ina abin? An ce yau zai iso. Na bar shayina a wuta na taho in ji muryata a cikin na'ura."

Jannatu ta yi masa ido, amma Baba Ɗantani bai taɓa gane ido ba a rayuwarsa.

"Ai yaron nan ya wahalar da ni. Kowace Lahadi sai ya hawo benskin, babur ɗin hayar nan, daga Logbaba, ya zaunar da ni gaban yashi, wai in kasa in nuna masa yadda kake tarko. In yi ta zagin iska yana ɗauka da waya. Matata ta ce na fara taɓuwa."

Sai a lokacin ya lura babu mai dariya.

Baba ya juyo da kansa a hankali. "An aiko da wani abu?"

"E, Baba."

"Mutumin Logbaba?"

"Shi."

"Ƙarar da na ji ɗazu?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutar, ta durƙusa gefen kujerarsa ta buɗe. Jan akwatin yana nan inda ta bar shi. Baba ba ya karanta Faransanci sosai, amma ba ya bukata. Ya daɗe yana kallo.

"Ya ce in goge," in ji Jannatu.

"Ke me kika ce?"

"Ban sani ba, Baba. Muryar Inna tana ciki, ina tsoron in buɗe. In na goge kuma..."

Baba ya mayar da idonsa kan ruwan da ke zuba daga indararo. Jannatu ta zaci shirun nan ne ya dawo, irin na ranar da ya ɗauki buta. Sai ta ji ya ce, "Ɗantani, ka tuna huhun goron mutumin Mbouda?"

"Wanda ganyensa ya yi baƙi? Ni na ɗauko shi ai. Yaran shago suka ce sankara ce ta cinye goron ciki, a jefa kwata."

"Na jefa?"

"Ba ka jefa ba. Ka hana ni tafiya cin abinci dai."

"Na sa aka kwashe gorona mai kyau aka kai ɗayan ɗakin. Na aika aka kira wanda ya ɗaure huhun, na ce ya kwance da hannunsa a gabana."

"Ruwa ne ya taɓa ganyen," Baba Ɗantani ya gaya wa Jannatu. "Goron ciki fari tas. Har na saci biyar."

"Wani lokacin kuma sankarar ce da gaske," in ji Baba. "Na taɓa ƙona huhu da hannuna. Daga waje ba a sani." Ya huta, don doguwar magana tana gajiyar da shi. "A kwashe na Innarku a kai wani ɗakin. A kira mai kayan."

Jannatu ta koma bayan duron ruwa, ta sake kiran Sirajo.

"Yaya, Baba ya ce ka zo."

"Ya gani?"

"Ya gani. Baba Ɗantani ne ya fasa."

"Wayyo tsohon nan. Me ya ce?"

"Ya ce a kira mai kayan ya kwance da hannunsa."

"Ni ya ce? Ya kira sunana?"

"Yaya, yaushe ya taɓa?"

Ta ji wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, irin wadda take kusa da kuka.

An idar da la'asar kafin ya iso, don ruwa ya tare hanya a mahaɗar Ndokoti. Ya shigo a jiƙe sharkaf, ya naɗe jakarsa a leda ya rungume ta a ƙirji. A bakin baranda ya tsuguna, inda feshi yake, ya gaida Baba kansa a ƙasa. Baba ya amsa yana kallon bango.

"A ba shi tawul," ya ce wa Jannatu. "A ce ya matso, ruwa yana dukansa."

"A ce, a ce," in ji Baba Ɗantani. "Kamar yaron yana Garoua."

Sirajo ya matso. Ya goge hannuwansa sosai, ya ciro 'yar kile daga jaka, abin nan kamar ɗan yatsa da ake adana hotuna a ciki, ya soka a gefen kwamfutar. Ya kwafe hotunan Inna da muryarta, ya sake kwafe su a wayar Jannatu, ya kuma tura su wata ma'ajiya ta intanet. Sannan ya cire kilen ya soka a tasa kwamfutar don ya tabbatar sun shiga. Hotunan suka buɗe. Saura muryar. Ya san da ita, amma bai taɓa samun ƙarfin cewa a kunna masa ba. Yatsansa ya tsaya a sama.

Jannatu ta miƙa hannu ta danna masa.

"A'a, Rakiyatu, da ruwan sanyi za ki fara damawa, in ba haka ba gudaji zai yi. Ke kam hanzarinki ya yi yawa." Sai dariya, sai ƙarar ludayi a jikin tukunya, sai kukan wani yaro daga nesa. Shi ke nan.

Sirajo ya sa tawul ya rufe fuskarsa kamar yana goge ruwan sama. Kowa ya kau da kai. Baba Ɗantani ma ya sami abin dubawa a jikin lemarsa.

Da ya sauke tawul ɗin, Baba ya ce, "Ɗantani, tambaye shi. Duk abin da ke cikin huhun nan shi ya zuba? Bai tsinto komai a hanya ba?"

"Ga shi nan a gabanka, ni tafinta ne?"

Sirajo ya amsa yana kallon tabarma. "Ni na rubuta shi, Baba, daga farko har ƙarshe. Kayan aikin da na yi amfani da su daga wurin masu su na karɓo. Wancan karon kayan sata na ɗauko, gargaɗin kuma gaskiya ne, ni na kashe shi. Yau ba zan kashe komai ba."

Ya juya kwamfutar yadda kowa zai gani. Ya ce akwai wani shafi da ake kai abu, masu tsaro da yawa na kamfanoni daban-daban su duba shi a lokaci guda. Ya tura wasan can. Suka jira, intanet tana jan ƙafa saboda ruwa. Jannatu tana jin numfashin Baba a bayan kunnenta. Sai wani dogon jeri ya fito, kore, kore, kore har ƙasa, da ja biyu ko uku a sama.

"To waɗannan jajayen fa?" in ji Jannatu.

"Ba su ce sun san cutar ba. Cewa suka yi ya yi musu kama. Na dunƙule wasan a ƙunshi ɗaya don ya yi miki sauƙin saukewa, masu mugunta ma haka suke dunƙule nasu. Ba shi da hatimin kamfani, kuma duk duniya babu wanda ya taɓa buɗe shi sai ni." Ya nuna jajayen da yatsa. "Da a ce daga shafin da ban sani ba ya fito, ko da ja ɗaya ne zan ce a bar shi. Amma wannan na san abin da na zuba."

"Baƙo ne ya shigo unguwa da dare, karnuka suka yi haushi," in ji Baba Ɗantani.

Baba ya ɗaga yatsansa mai lafiya. "A kwance."

Sirajo ya shiga inda aka kulle wasan ya sako shi. Ya yi bismilla a fili ya danna. Jannatu ta runtse ido.

Abin da ta fara ji ƙarar yashi ce, kamar ana share shi da tafin hannu. Ta buɗe ido. Farantin yashi ne ya cika gilashin, da ramukansa manya-manya a jere, guntayen kara a gefe ɗaya, ƙwallayen dabino a ɗayan. Har inuwar ganyen mangwaro tana motsi a kai. Sai wata murya ta fito daga cikin kwamfutar, da ƙarfi kamar mai ita.

"Mai goro, kasa mana, ko sai an yi kiran magariba?"

Baba Ɗantani ya buga cinya. "Ni ne wallahi. Ka ji murya kamar ta gidan rediyo."

Kafaɗar Baba ta fara girgiza. Jannatu ta tsorata, ta zaci tari ne, sai ta ga dariya ce take fita ta gefe ɗaya na bakinsa, har da hawaye. Rabon da ta ga haka tun kafin asibiti.

Sirajo ya ɗora wani ɗan katako a kan hannun kujerar, ya aza linzamin kwamfuta mai babban maɓalli a kai. Ba sai an ja komai ba, in ji shi. A taɓa kara, a taɓa rami. In hannu ya yi rawa ya taɓa wani wurin, wasan zai jira a sake taɓawa kafin ya yarda. Baba ya gwada. Karan farko ya zauna daidai inda ya nufa. Ya daɗe yana kallonsa.

Jannatu ta leƙa inda hotunan Inna suke. Suna nan, babu abin da ya taɓa su.

Wasan bai yi nisa ba Baba ya jera uku ya ci ƙwallo ɗaya, ya sake jerawa ya sake ci. Duk cin da ya yi sai muryar ta ce, "Sa'a ce, ba iyawa ba." Baba Ɗantani na gaske yana gefe yana taya ta. Kafin a jima na'urar ta rasa 'ya'yanta.

"Wannan ba ta iya ba," in ji Baba. "Irin wasan Ɗantani take yi."

"Ai shi ya koya mata," in ji Sirajo a hankali.

"Ka ji butulci," in ji Baba Ɗantani.

"Mutum biyu ba sa iya yi?" Baba ya tambayi bango.

"Suna yi, Baba. Sai an rufe an sake buɗewa."

Ya rufe ya sake buɗewa, sai ƙarar nan mai kaifi ta dawo, jan akwatin ya sake fitowa. Jannatu ta ga kafaɗun yayanta sun ɗaga kamar wanda aka ɗaga wa bulala.

"Za ta yi ta yin haka," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai in an shiga an gaya mata ta ƙyale wannan ɗin shi kaɗai. Sauran tsaron yana nan yadda yake. Amma ba zan taɓa ba sai an ce."

Baba ya kalli jan akwatin, sannan ya sauke idonsa kan mutumin da ke tsugune a gabansa da jiƙaƙƙiyar riga. Jannatu ba ta tuna ranar da ta ga ya kalle shi haka kai tsaye ba.

"To a gaya mata na gida ne," ya ce.

Sirajo ya sunkuya kan kwamfutar ya daɗe, fiye da yadda aikin yake bukata. Jan akwatin ya ɓace, yashi ya dawo.

Baba Ɗantani ya fara gyara zama yana naɗe hannun riga, amma Baba ya tare shi da yatsa.

"Kai ka jira, na san duk satarka." Ya tura linzamin gefe kaɗan, wajen Sirajo. "Jawo benci. Kai ne da dabino."

Jannatu ta tattara tawul ta shige madafa. Ruwa ya fara tsagaitawa, ana jin masu benskin sun dawo kan titi. Ta buɗe buhun shinkafa ta auna yadda ta saba, sannan ta ƙara gwangwani ɗaya. Daga baranda tana jin Baba Ɗantani biyu suna gardama, na benci da na cikin na'ura, da muryar Baba a ƙarƙashinsu tana cewa, "Ba nan ba. In ka sa nan na cinye ka. Sake dubawa."